Mai Kaza A Aljihu Ba Ya Jimirin As

 Makon nan maganarmu a kan wata sabuwar ƙarya ce da ta shigo gari, wadda ake toshe muku baki da ita. In ba a tare ta tun da wuri ba, za ta zauna daram ta zama doka, alhali kuwa ba doka ba ce.

Ga abin da ya jawo maganar. Ran Talatar da ta wuce da hantsi, a bakin hanya dab da Ƙofar Galadima, wasu ma'aikata uku masu karɓar kuɗin tebur suka tsaya a kan wata dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Suka ce ta kawo naira dubu biyu. Ta ce ai ta biya makon jiya. Suka ce ina rasit? Ta ce, "Ku ne ba ku ba ni ba." Sai ɗaya daga cikinsu ya sunkuya ya ɗauke galan ɗin manta. Jikanta, yaro ɗan shekara goma sha shida, ya fid da waya daga aljihu ya shiga ɗaukar abin da ake yi. Kai! Nan take aka bar tsohuwa aka yo kan yaro. Aka murɗe masa hannu, aka ƙwace wayar, aka goge abin da ya ɗauka. Aka ce masa ɗaukar ma'aikacin gwamnati ba da izininsa ba laɓe ne, laifi ne babba, har da ɗauri a kansa. Sai da dattawan unguwa suka sa baki, uban yaron ya zo ya ba da haƙuri, ya haɗa da abin da ya sawwaƙa, kana aka ba shi ɗansa da wayar. Dubu biyu ta koma dubu bakwai.

Ba za mu ambaci sunan ma'aikatar ba, don kuwa ba su kaɗai ba ne. Duk wanda ke neman abinci a kasuwar birni, ko Tudun Wada, ko Sabon Gari, ko Ɗanmagaji, ya san irin wannan, ko ya same shi ko ya sami maƙwabcinsa.

Da la'asar dattijuwar nan ta zo ofishin jam'iyya. Ba kuɗinta ta zo nema ba. Tambaya ɗaya ta yi mana: "Ɗana, da gaske ne akwai dokar nan?" Muka ce, "Iya, ki ba mu kwana biyu." Dokokin ƙasar nan da Turanci aka rubuta su, kuma da wannan ne ake cin talaka. To, mu muna yara an kai mu makarantar mishan, mun sha bulala a kan Turancin nan, yau ga ranarsa ta zo. Muka ɗauko littattafan dokar muka duba su sashe sashe. Ga amsar Iya, ga kuma amsar kowa: babu ita. Babu dokar da ta hana ɗan Nijeriya ɗaukar hoto ko muryar ma'aikacin hukuma yana cikin aikinsa a bainar jama'a.

WANE NE MAI LAƁE?

Bahaushe ya san laɓe tun kafin a ƙera waya. Laɓe shi ne mutum ya raɓe a bayan zana ko gindin taga don ya ji zancen da ba da shi ake yi ba. Abin kunya ne, kuma mu ma mun ƙi shi. Amma don Allah, jama'a, wanda ya tsaya a tsakiyar hanya da rana tsaka yana ɗaga murya, mai shayi na ji, ɗan acaɓa na ji, almajirai na kallo, wane laɓe za a yi masa? Yaron nan bai ɓuya ba. Kakarsa ake yi wa magana, a gabansa, a kan jarin da ake ci da shi a gidansu.

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 shi ne wanda suke fakewa da shi. Abin da ya tsare shi ne sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Ma'aikacin gwamnati yana da wannan haƙƙi kamar kowa. In ya koma gida ya tuɓe kaki yana hira da iyalinsa, ba mu da iko mu leƙa. Amma sa'ad da ya sa kaki, ya riƙo littafin rasit, ya tsaya a kan teburinki da sunan hukuma, ba sirrinsa yake yi ba, aikinmu yake yi, da kuɗinmu ake biyansa.

Akwai kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015. Sashe na 12 nata ya hana a sa na'ura a tare saƙon mutane yana kan hanya, wanda ba na jama'a ba. Wannan ita ce dokar laɓe ta gaskiya, kuma ba ta ce komai a kan yaro mai riƙe da waya a bakin titi ba. Su wa ke da na'urar tare saƙon ma? A 2019 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta fito da ƙa'idojin da suka ba hukumomin tsaro damar sauraron wayar mutane, da takardar izinin alƙali, ko ma kafin a samo ta in sun ce abin na gaggawa ne. Ashe mai kunne a jikin bango gwamnati ce, ba jikan mai ƙuli-ƙuli ba. Hatta dokar tsare bayanan mutane ta 2023, wadda wasu masu ɗan karatu ke jefo mana, ta ware abin da aka buga don amfanin jama'a ta fuskar aikin jarida, da abin da mutum ke bukata don neman haƙƙinsa a kotu.

ABIN DA DOKA TA BA KA

Sashe na 14 ya ce iko na jama'a ne, daga gare su gwamnati ke samun nata. Sashe na 39 ya ba kowane mutum 'yancin karɓar labari da isar da shi ba tare da tsangwama ba. Sashe na 22 ya ɗora wa kafofin labarai nauyin sa gwamnati ta yi wa jama'a bayanin aikinta. A watan Mayu na 2011 aka sa hannu a dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ce in ka rubuta wa ofishin gwamnati kana neman takarda, su amsa maka cikin kwana bakwai. To, in doka ta ba ka ikon tambayar takardar da ke kulle cikin durowarsa, yaya za ta hana ka duban abin da yake yi a fili?

Su kansu manyan ma'aikatan sun faɗa. Ranar 4 ga Oktoba 2020 Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Mohammed Adamu, ya hana 'yan sanda binciken wayoyin mutane a kan hanya barkatai. Olumuyiwa Adejobi, sa'ad da yake kakakin rundunar, ya sha faɗi a fili cewa ɗaukar hoton ɗan sanda yana bakin aiki ba laifi ba ne. In ɗan sanda mai bindiga bai fi ƙarfin waya ba, ina ga mai yankan tikiti? Bugu da ƙari, dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ita da kanta ta tanadi a ɗauki bidiyon wanda ake tuhuma sa'ad da yake amsa laifi. Wato in hukuma ta ɗauke ka, adalci ne, in kai ka ɗauke ta, laifi ne? Wace irin shari'a ce wannan?

Kada kuma a ce muku kotu ba ta karɓar irin wannan shaida. Dokar shaida ta 2011, sashe na 84, ta buɗe ƙofa ga abin da na'ura ta ɗauka in an cika sharuɗɗa. Sashe na 14 ma ya ce ko da an samo shaida ta hanyar da ba ta dace ba, alƙali yana iya karɓa, sai in ya ga ɓarnar karɓar ta fi amfaninta. Shi ya sa suke gaggawar gogewa. Sun san gani ya kori ji.

Wasu kuma da addini suke zuwa, su ce ai Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane. Gaskiya ne ta hana. Amma malamanmu sun ruwaito cewa Sayyidina Umar, yana Halifa, ya taɓa haura katangar wani mutum ya same shi cikin saɓo, mai gidan ya nuna masa cewa shi ma ya keta haddi da ya leƙa asirinsa ya kuma shigo ba ta ƙofa ba, Halifa kuwa ya karɓi gyara ya fita. Ku duba da kyau wa aka tsare daga wa. Talaka aka tsare daga mai mulki. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuwa, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu iko da ƙwacen da ake yi wa 'yan kasuwa a cikin alamun mulkin zalunci. Bai ce a rufa wa masu yin su asiri ba, suna ya kira musu ɗaya bayan ɗaya.

TSOHUWAR DABARA CE

Mu 'ya'yan Sawaba ne, mun san wannan wasan. Tun daga ranar 8 ga Agusta 1950 da aka kafa NEPU a Kano, kowane zamani da sunan da ake raɗa wa takunkumi. Zamanin En'e ana cewa ka zagi sarki, ko ka yi lacca ba izini. Ɗan doka ya kama ka, shi ne mai ƙara, shi ne shaida, kafin azahar an yanke maka wata shida ko bulala. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar garin nan, wadda sunanta ke kan asibitin Ƙofar Gayan a yau, tarihi ya ƙirga mata ɗauri sau 16. Da a ce a lokacin akwai abin da zai nuna wa duniya yadda aka yi da ita, da nawa daga cikin shaidun zur ɗin nan za su tsaya? Abin da Malam Aminu da mutanensa suka rasa, shi ne yau ke aljihun kowane yaro. Shi ne kuma ake so a raba mu da shi.

A 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta yi doka mai lamba 4, wadda aka ce don kare ma'aikatan gwamnati daga ƙazafi aka yi ta. Da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda guda. A zamaninmu kuma sashe na 24 na dokar intanet ya gaje ta. Yadda aka fara rubuta shi, saƙon da aka ce na cin fuska ne ko na ɓata rai yana iya jawo ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 7. Kotun ECOWAS ta yanke a 2020 cewa sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. A watan Fabrairu na 2024 aka gyara shi, aka taƙaita shi ga batsa da ƙaryar da mutum ya san ƙarya ce ya yaɗa don tada fitina ko sa rai cikin haɗari. Ku riƙe wannan da kyau: hoton gaskiya na abin da ya faru ba ya cikin waɗannan.

Mu leƙa Kano. A watan Oktoba na 2018 jaridar Daily Nigerian ta Jaafar Jaafar ta saki bidiyon da ta ce yana nuna Gwamna Abdullahi Umar Ganduje yana cusa daloli a aljihun babbar riga. Gwamnan ya musanta, ya ce haɗa shi aka yi, ya kai ƙara yana neman naira biliyan 3. Majalisar jihar ta kafa kwamitin bincike, kotu ta tsayar da shi. A 2021 Gwamnan ya janye ƙarar da ya shigar a babbar kotun Kano, aka umarce shi ya biya naira 800,000 kuɗin ɗawainiya. A shekarar nan ce kuma ɗan jaridar ya bar ƙasar ya tafi Ingila, ya ce ransa na cikin haɗari. Mu ba alƙalai ba ne, ba mu yanke wa kowa hukunci ba. Tambayarmu ita ce: don me kullum wanda ya nuna ne ke gudu?

Haka aka yi a Ughelli ta Jihar Delta. Bidiyon da aka ɗauka can a farkon Oktoba 2020 shi ya tada zanga-zangar da ta sa aka rushe rundunar SARS ranar 11 ga watan. Wanda ya ɗauka kuwa, kama shi aka yi.

Ba mu kaɗai muka sha wannan ba. A Amurka, a birnin Boston, an kama wani lauya mai suna Simon Glik a 2007 don ya ɗauki 'yan sanda suna kama wani a dandalin gari, aka tuhume shi da laɓe, kalmar da aka jefi yaronmu da ita. A 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta ce haƙƙinsa ne, a 2012 birnin ya biya shi dala 170,000. A Jihar Ilinoi dokar laɓe ta kai ɗaurin shekara 15 ga wanda ya naɗi muryar ɗan sanda, har kotun ƙolin jihar ta soke ta a 2014. Ranar 25 ga Mayu 2020 kuwa, a Miniyapolis, wata yarinya 'yar shekara 17 ta tsaya da wayarta ta ɗauki ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa fiye da minti tara. Sanarwar farko da 'yan sanda suka fitar cewa ta yi rashin lafiya ce ta kama shi. Ba don yarinyar nan ba, da maganar ta ƙare a nan. Saboda ita, ɗan sandan ya sami ɗaurin shekara 22 da rabi.

ABIN DA ZA SU CE

Za su ce ana iya yanke bidiyo, ana iya haɗa na ƙarya, a ɓata sunan mutumin kirki. Haka ne, ba mu musa ba, balle yanzu da na'ura ke kwaikwayon muryar mutum da fuskarsa. Amma dokar ɓata suna tana nan, kotu tana nan, masu gane na jabu suna nan. Ba a hana cin tuwo don wani ya shaƙe. Tun a Final Kot na Arewa na 1959 an rubuta cewa faɗin gaskiya don amfanin jama'a ba ɓata suna ba ne, haka ma faɗin ra'ayi da kyakkyawar niyya a kan yadda ma'aikaci ke aikinsa.

Kuma ma'aikacin kirki, wa ya fi shi cin riba? In an yi masa ƙazafin karɓar hanci, hoton nan ne zai wanke shi. Mun san da yawa daga ƙananan ma'aikatan nan talakawa ne irinmu, albashi bai kai wata ba, na sama kuma na jiran nasa kason da yamma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. To, ɗan'uwa, ba da kai muke faɗa ba. Ka yanka rasit, ka faɗi sunanka, ka bar yaro ya ɗauka. Mai kaza a aljihu ne kawai ba ya jimirin as.

GARGAƊI GA 'YAN JAM'IYYA

'Yanci yana da iyaka, kuma ba ma so a sami ƙofar kama ku.

Na ɗaya, ku tsaya nesa kaɗan. Kada ku tare hanya, kada ku taɓa kowa, kada ku yi zagi. Hana ma'aikaci aikinsa laifi ne na daban, kuma da shi za a kama ku.

Na biyu, barikin soja da wuraren tsaro ba wurin ɗaukar hoto ba ne, dokar sirrin gwamnati ta 1962 ta hana. Zauren kotu kuma sai da izinin alƙali. Cikin gidan mutum da iyalinsa, haram.

Na uku, ku ɗauka tun daga farko har ƙarshe, ku ambaci rana da wuri da bakinku. Kada ku yanke, kada ku ƙara gishiri.

Na huɗu, ku tura wa wani amintacce nan take, tun kafin a kai ga wayar. In mutum biyar suka ɗauka lokaci guda, wayar wa za a ƙwace? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyar, in an fi ƙarfinku kada ku yi kokawa. Rai ya fi waya. Ku riƙe suna da lamba da fuska, ku nemi shaidu biyu, ku zo ofis.

Na shida, kafin ku watsa a Facebook ko WhatsApp ku kawo mu gani, mu rubuta takardar koke, mu kai inda ya dace. Manufarmu a dawo da haƙƙi, ba a tara 'yan kallo ba.

Ga hukuma kuma muna da bukata uku. Majalisar Ƙaramar Hukumar Zariya ta kafa allo a kowace kasuwa, da Hausa da ajami, mai nuna kuɗin da doka ta ce a biya da wanda aka ba ikon karɓa. Kowane mai karɓar kuɗi ya rataya sunansa da lambarsa a ƙirji. Majalisar Dokokin Jihar Kaduna kuma ta rubuta ƙarara cewa ma'aikacin da ya ƙwace wayar mutum ko ya goge shaida, shi ne mai laifi, a hukunta shi. Wakilanmu da ke zuwa neman ƙuri'a da atamfa da taliya, ga aiki mun ba ku. Za mu buga sunan wanda ya ɗauka da wanda ya yi shiru.

Iya mai ƙuli-ƙuli ta dawo ran Alhamis muka karanta mata duk wannan. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ashe ɗana haƙurin banza ya bayar." Muka ce ba na banza ba ne, Iya, in dai ya zama na ƙarshe. Takardar kokenta tana hannunmu, mutum huɗu da abin ya faru a gabansu sun sa hannu. Wanda duk aka taɓa yi wa irin wannan, ofishinmu na buɗe daga bayan la'asar har magariba, ban da Juma'a. Ku yanke shafin nan ku ajiye a ƙarƙashin tebur. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Ran da wani ya sake ce muku doka ta hana, ku tambaye shi cikin ladabi: Ranka ya daɗe, wace doka, sashe na nawa?

Allah ya ba talaka sawaba, amin. Wassalam.

Akawun Jam'iyya,
Reshen Ƙofar Galadima, Zariya.